Ranar da Na Ce Miki Shiii

Zuwa ga Kayalvili, hasken tsibirin Mannar, sanyin ruwan kwakwa a maƙoshin mai ƙishirwa, mai idon barewa da harshen kunama, sarauniyar da ta toshe lambata yau kwana goma sha tara!

Ina gaishe ki gaisuwar da ta fi yashin gaɓa yawa. Idan kin tambayi lafiyata, kuma na san ba za ki tambaya ba, to na rame har wuyana ya fi na zalɓe tsawo. Shinkafa ba ta wuce mini, miyar kaguwa ta zama ruwan wanki a bakina. Wace irin azaba ce wannan, ya ke farin watan da ya juya mini ƙeya?

Kin tuna Lahadin nan? Mun fita da sassafe zuwa bakin fadamar gishiri, ni da ke da yayanki Mathan, mai gadin da ya yi barci a gindin kuka tun kafin mu sauke kaya. Iska tana wasa da gefen zanen sarin da kika ɗaura, furen da ke gashinki yana ƙamshi har kwasakwasa suna waiwaye. Na tattara ɗan ƙarfin halin da nake da shi na ce ki aure ni. Kika sunkuyar da kai, kina zane a yashi da babban yatsan ƙafa. Kika buɗe bakin nan mai kama da ɓawon mangwaro nunanne, kika ce, "Senduran, ni dai..."

Sai sama ta rine da ruwan hoda. Filamingo! Ɗaruruwa! Tsuntsayen da na yi shekara uku ina bi da kyamara suna raina mini hankali. Ni kuwa, ɗan asara, na ɗaga miki hannu na ce, "Shiii! Za ki kore su!"

Wayyo ni! Wane aljani ne ya ari bakina?

Ban manta amsarki ba. Kika ce, "To je ka nemi aurensu mana, ƙafafunku ma iri ɗaya ne." Kika tashi Mathan da ƙafa, kuka kama hanya.

Bari ki ji abin da ya biyo baya, ko zuciyarki ta yi sanyi. Na matsa gaba don in kusance su, laka ta haɗiye ni har cinya. Ina kiciniya, jakin jeji ya zo ya buɗe ƙunshin abincinmu ya cinye, har ganyen ayabar bai bari ba. Tsuntsayen suka tashi. Hotunan duk sun girgiza, kamar an zubar da fenti. Ɗaya ne tak ya fita tas, shi ne bayan jakin.

Yanzu kuma na ji wai ranar Juma'a wani likitan haƙori daga Kanada zai zo ganinki don neman aurenki. Kayal! Mutumin da zai dubi murmushinki, murmushin da ke sa teku ta lafa, ya hango aiki? Ya san kina tsoron kaguwa amma kina cinta? Ya san atishawarki uku-uku ce? Wa zai cire miki ƙayar kifi a can ƙasar ƙanƙara?

Da na faɗa wa mahaifiyata Amma abin da na aikata, sai ta ce, "Ashe balbela na haifa ban sani ba." Ta ƙwace kyamarar ta tura cikin buhun shinkafa, ta ce ba za ta fito ba sai ranar ɗaurin aure, ko nawa ko naki.

Ba zan yi miki ƙarya in ce na bar tsuntsaye ba, kin san ni. Amma su baƙi ne, watan zafi na kamawa za su kwashe su tafi ko sallama babu. Ni ke nake so in tarar a gida kowace rana, ko da faɗa kike yi.

Ranar Alhamis da hantsi za mu zo gidanku, ni da Amma da kawuna, da tiren ayaba da goron taunawa. Za mu riga likita da kwana guda. Idan a'a ce, ki fito ki faɗa mini ido da ido, zan ɗauka. Amma ki sani ba zan bar ƙofar ba. Zan tsaya a nan da ƙafa ɗaya har karenku ya saba da ni, har babanki ya gaji ya fara aikena kasuwa.

Naki, yau da gobe, har teku ta ƙafe a yi noman albasa a cikinta,

Senduran