Rasuwar Malam Lawwali Gide Yargoje, Wakilin da Muka Ɓata wa Suna

Cikin alhini, da kunyar da ba mu da wurin ɓoye ta, Hukumar Gudanarwa ta Kafar Labarai ta Kuwwar Talaka, a madadin Shugabanta da daraktocinta da ɗaukacin ma'aikatanta, ta samu labarin rasuwar tsohon wakilinta na Kankara da Faskari da Sabuwa, Malam Lawwali Gide Yargoje, wanda Allah Ya karɓi ranshi ranar Litinin da hantsi bayan jinyar hawan jini, yana da shekara hamsin da huɗu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Shekara goma sha ɗaya marigayin ya yi yana aiko mana da rahoto, a kan babur ɗaya, da waya mai tsagaggen gilashi da ya ƙi canzawa. Masu saurarenmu sun san muryarshi ranar kasuwar Yankara, yana faɗin yadda masara da dawa suka kwana, sun kuma san ta a ranakun da ba a son tunawa. Yana da wata ɗabi'a da ta sha ƙure haƙurin editocinmu: Malam Lawwali ba ya ba da adadin mamata sai da sunan kowa da sunan mahaifinshi, sai kuma ya ji daga bakin wanda ya tsaya a kan kabarin. Mukan yi mashi tsiya a ofis cewa kafin ya gama ƙirga har labarin ya huce. Shi kuwa ko a jikinshi, yakan ce mana mutum ba buhun hatsi ba ne da za a yi mashi kintace.

Kowa ya san inda wannan kafa ta tsaya. Ba mu taɓa ɓoye cewa muna adawa da gwamnati mai ci ba, ita ma ba ta taɓa ɓoye cewa ta gaji da mu ba. A cikin wannan sa-in-sa ne, da damina ta bara, 'yan bindiga suka afka wa Unguwar Dada. Wani jigon jam'iyyar da muke goyon baya ya turo mana sunaye arba'in, muka karanta su a labaran ƙarfe shida na yamma a matsayin waɗanda aka kashe. Malam Lawwali ya kira mu daga bakin maƙabarta ya ce mutum tara aka rufe, sauran talatin da ɗaya gudu suka yi, ba a dai gan su da safe ba ne aka rubuta su. Bai tsaya nan ba, ya faɗi haka a gaban jama'a. Jami'an gwamnati suka ɗauki maganarshi ba tare da sun tambaye shi ba, suka yi ta nanata ta a matsayin hujjar cewa ƙarya muke yi kuma ya kamata a rufe mu.

Abin da ya kamata mu yi a fili yake, wato mu gyara labarin mu ba da haƙuri. Ba mu yi ba, don mun ga gyara tamkar miƙa wa gwamnati wuya ne. Sai muka shafa wa wakilinmu kashin kaji. Muka fitar da sanarwa cewa an saye shi, muka ce ɗan amshin shatan gwamnati ne, muka sallame shi. Ba zan laɓe bayan kalmar hukuma ba: ni, mai sa hannu a wannan takarda, ni na karanta wannan sanarwa da bakina, sau uku a yini ɗaya, alhali na taɓa cin tuwo a zauren gidanshi. Daga ranar mutanen da ya yi wa aiki shekara da shekaru suka fara tashi idan ya zauna a majalisa, aka daina kiran shi ɗaurin aure, 'yarshi Najiba ta bar zuwa islamiyya saboda gorin ƙawaye.

Bai mayar mana da martani ba ko sau ɗaya. Abin da ya yi shi ne ya hau baburinshi ya bi sunayen nan talatin da ɗaya, daga Ruwan Godiya zuwa Sabuwa, gidan dangi zuwa gidan dangi, yana naɗar muryar kowa yana faɗin sunanshi da sunan mahaifinshi da cewa yana raye. Wasu a cikinsu 'yan uwansu da ke ci-rani a Kudu har sun yi masu sallar ga'ib saboda sun ji mu. Wata baiwar Allah, Malama Ummi, da ke gidan iyayenta a Yankara lokacin harin, da ta ji sunan mijinta a cikin mamatan, ta yi kwana goma sha ɗaya tana takaba, sai ga Malam Lawwali ya sauke mata mijinta a ƙofar gida. Ya turo mana waɗannan muryoyi tun a lokacin. Mun saurara, mun gane gaskiyarshi, muka ajiye su. Wallahi wannan ya fi komai ci mana rai a yau.

Tawagarmu ta halarci jana'izarshi a Yargoje, kuma a sahun baya muka tsaya, don nan ne ya dace da mu. Da aka ɗaga makara sai muka ga masu rububin kamawa ba danginshi ba ne. Mutanen Unguwar Dada ne, waɗanda muka kashe da baki a labaran ƙarfe shida, su ne suka ɗauke shi a kafaɗa har kabari. Babu wanda ya zage mu a cikinsu, babu kuma wanda ya miƙo mana hannu, kuma da zagin aka yi da ya fi mana sauƙi.

Saboda haka muna shaida wa duniya cewa babu wanda ya sayi Malam Lawwali Gide. Ƙarya muka yi mashi. Muna janye sanarwar sallamarshi da duk kalmar da ke cikinta. Muna kuma roƙon jami'an gwamnati da su bar sunanshi ya huta, kada a mayar da rasuwarshi makamin jifanmu, domin bai kasance nasu ba kamar yadda bai yarda ya zama abin wasanmu ba. Adawarmu da su tana nan, amma ba a kan kabarinshi za a yi ta ba.

Muna miƙa ta'aziyya ga maiɗakinshi Hajiya Shafa'atu, da 'ya'yanshi Najiba da Salim, da yayanshi Alhaji Audi Gide, da Mai Girma Dagacin garin da limamai da al'ummar ƙananan hukumomin uku baki ɗaya. Allah Ya gafarta mashi, Ya sa jinyar da ya yi ta zama kaffara, Ya haskaka kabarinshi, Ya ba iyalanshi juriyar wannan rashi da juriyar abin da muka jawo masu kafin rashin.

A wurin zaman makoki mun nemi yafiyar iyali ta hannun Alhaji Audi. Ya shiga cikin gida ya daɗe, ya fito da wayar nan mai tsagaggen gilashi ya ajiye ta a gabana. Ya ce Hajiya Shafa'atu ta ce ita ba ta da abin cewa tukuna, wanda muka yi wa laifin ba ya nan balle ya yafe, amma aikinshi na ƙarshe yana cikin wayar kuma har yau ba a watsa shi ba.

Za mu watsa shi ranar Juma'a da ƙarfe shida na yamma, lokacin da muka saba karanta labarai, ba tare da yanke ko kalma ɗaya ba. Za a ji sunaye tara na waɗanda aka rufe, sannan muryoyi talatin da ɗaya na waɗanda muka ce sun mutu. Muna roƙon duk wanda ya ji mu ranar da muka ɓata shi ya daure ya kunna rediyonshi.

Sa hannu:
Mas'ud Salahuddeen Sabuwa
Kakakin Hukumar Gudanarwa
Kafar Labarai ta Kuwwar Talaka