Dutse Ɗaya Cikin Gidanta

Yaya,

Ina gaishe ki da kyau. Ya jikin Baba, ya yara? Ni lafiya lau, kada ku damu.

Kin tambayi aikina. Kwamfuta nake koya wa wani wasa mai suna go: ana jera duwatsu farare da baƙaƙe a kan allo, wanda ya fi kewaye fili shi ya ci. Makon jiya muka shiga gasa, aka cinye mu da rabin maki. Laifina ne. Na koya mata ƙirga fili haɗe da duwatsu, ashe a gasar fili kawai ake ƙirgawa. Ta riga ta ci, sai ta ƙara dutse cikin gidanta don kariya, ta rage wa kanta maki. Ban ji haushinta ba, a wurina ta koyi tsoro.

Shugabana bai yi faɗa ba, ya dai mayar da teburina bakin ƙofa. Iska ta ma fi shigowa.

Kada Baba ya ji. Ki sa ni a addu'a, Allah ya bar zumunci. Wasan ba ya ƙarewa sai ɓangarorin biyu sun ce sun haƙura, ni kuwa ban ce ba tukuna.

Ƙaninki.