Na Ɗauke Kaskonki Daga Gindin Zogale

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗiya ga uwarta, da fatan kina cikin ni'imar Ubangiji, ina sanar da ke muna lafiya a Gummi. Damina ta zauna, gero ya kai gwiwa a gonakin bakin gari. Na nesa kuwa har yanzu ba a zuwa saboda 'yan bindiga, kamar dai yadda kika bar mu.

Abin da ya sa na rubuto shi ne na sauya wa kaskonki wuri. Na san ba karantawa za ki yi ba, wasu ne za su karanta, amma ke nake gaya wa.

Garkarki ta bayan gida tana nan. Na shuka kuɓewa da rama da yakuwa, kabewa ta haye darni. Kaskon ruwan da kika ajiye a gindin zogale tun ban yi wayo ba, kullum da safe ina wanke shi in cika, rani da damina. Kina cewa, "Wanda ya sha ruwanka baƙonka ne, ba a taɓa baƙo a bakin kasko." Na taɓa tambayarki a wane littafi yake, kika ce ba littafi ya faɗa ba, ke kika faɗa.

Baƙin naki sun ƙaru. Tun da manoma da mafarauta suka janye ƙafa daga daji, daji ya matso. Kurege yana zuwa, da fakara, da hawainiya, da bushiya mai jan 'ya'yanta in rana ta yi sanyi. Tunku ma ya leƙo sau ɗaya.

Jikarki Hadiza ta aiko mini da waya daga Anka, mai ɗaukar hoto. Na daɗe ban ɗauki mai rai da ita ba sai da na tambayi malaminmu na Islamiyya. Ya ce malamai sun yi saɓani, amma shi a fahimtarsa wannan kamar madubi ne da ya riƙe abin da ya gani. Na kama wannan, ina istigfari ko da akwai kuskure.

Aikin ba wuya sai zama. Ina kife tsohon turmi a bayan rama, in sa hijabi mai duhu, in ba rana baya, waya a gwiwa, carbi a hannu. Ba motsi, ba tari. Hawainiya tana da sauƙi, sai ka ce jira take. Kurege kuwa yawancin hotunansa wutsiya ce kawai.

Kin tuna damon nan mai guntuwar wutsiya, wanda kika ce fartanya ce ta sare masa? Yana raye. Da rani ya ɓace kamar kullum, ruwan fari na sauka ya fito a rame, fata na reto. Yana bin gindin kuɓewa yana tsintar ƙadandoniya da katantanwa, in ya gama ya ɗora haɓa a bakin kasko ya yi lamo. A haka na same shi wata hantsi, hoton ya fito tsaf har zanen bayansa. Sai na tura wa dangi a zauren da muke gaisawa ta waya.

Mutum ɗaya ya ce masha Allah. Sauran duk zancen farfesu suka yi.

Ranar Juma'a bayan an sauko, sai ga Yaya Mamman da gora da buhu. Ba zan ci naman yayana a gabanki ba, Inna. Gonarsa ta hanyar Bukkuyum bana ma bai noma ta ba, kuma na san an kwana biyu tukunyar gidansa ba ta ga nama ba. Muka gaisa, ya sha fura, sannan ya ce in nuna masa ramin damon.

Na san ramin. Na sha ganin damon yana shiga ƙarƙashin tsohon surin da ke gindin aduwa. Da zan ce ban sani ba, na yi ƙarya. Da zan ce haram ne, na yi wa addini ƙage, don an karantar da mu halas ne. Da zan ce garkata ce, gado ce, kuma rabonsa ya ninka nawa. Abin da ya rage mini dokarki ce, sai na tuna masa.

Ya ce bai manta ba, ai shi kika murɗe wa kunne ranar da ya harbo kurciya da danƙo tana shan ruwa, har yau in hadari ya taso kunnen na masa zogi. Sannan ya gyara tsayuwa ya ce, "Amma Inna bakin kasko ta hana. Ba ta ce komi ga bakin rami ba."

Na auna maganar, na ga gaskiya ya faɗa. Haka kika ce, ba ƙari.

Sai na miƙe na je gindin zogale na ɗaga kaskon da ruwansa. Ya fi yadda na zata nauyi, kuma ƙasa ta riƙe shi sai da na girgiza. A ƙarƙashinsa akwai shatarsa, da fararen saiwoyi da tsutsotsi suna neman mafaka. Na bi tsakanin kunyoyin kuɓewa a hankali don kada ya zube, Yaya na biye da ni, har gindin aduwa. Na dire shi a bakin ramin, na gyara masa zama da ɗan dutse.

Na ce, "Ga ramin, Yaya."

Ya dubi ramin, ya dubi kaskon. Can ya yi 'yar dariya ta hanci ya ce, "Wanga hukunci ko alƙali bai iya shi." Ya jingine gorar a jikin darni, ya shiga tsinkar kuɓewa yana zubawa a buhun, yana mitar cewa na bari ta tsufa. Na ƙara masa kabewa. Da yamma na aika wa iyalinsa da jan zakaran nan da ke tona mini shuka. Ban yi asara ba, dama mun gaji da juna.

Kafin ya fita ya ce in damon ya sake fitowa in turo masa hoto, shi kaɗai, kuma in tabbata kaskon ya fito a ciki.

Baƙinki sun ɗan ruɗe. Washegari kurege ya zo gindin zogale ya tsaya kan shatar yana waige-waige, sai na ajiye masa sakaina da ruwa a wurin. Damon kuwa ya ƙi fitowa. Na yi ta zama kan turmi ina tunanin ko ƙafafunmu sun kore shi, ko kuwa na kuɓutar da shi daga buhu na raba shi da gidansa. Sai shekaranjiya da hantsi na ga harshe na leƙowa, sannan kai. Ya shinshina kaskon ya zagaye shi, ya ɗora haɓa kamar can ya saba ganinsa.

Na ɗauka. Bai yi kyau kamar na farko ba. Na tura wa Yaya, ya amsa da "To." Zauren dangi kuwa yanzu furen kabewa nake tura musu.

Inna, ba ni da hotonki ko ɗaya. Duk wanda ya ɗaga na'ura sai ki ja mayafi ki ce fuskarki ba ta bango ba ce. Ga wayata cike da baƙinki, mai masaukin ce babu. Da na buɗa hoton shekaranjiya da yatsu, sai na ga gefen kaskon inda ya suɗe ya yi santsi, daidai wurin da babban yatsanki ke kamawa in za ki zubar da ruwan jiya. Nawa yatsan ma nan yake sauka, ban taɓa lura ba.

In na yi ba daidai ba da na ɗauke shi daga inda kika aje, ki yafe mini.

Ya Allah, Ka gafarta wa Inna, Ka yalwata makwancinta, Ka haskaka shi. Duk bakin da ya sha a kaskon nan, mai ƙafa da mai fiffike da mai jan ciki, Ka kai ladan gare ta, Ka shayar da ita daga tafkin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ka buɗe wa Yaya hanyar gonarsa, Ka zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.

Gobe da safe zan cika shi, in Allah Ya kai mu.

Ɗiyarki mai yi miki addu'a,
Balki