Hoto Ɗaya Kullum Daga Awendjé

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ni ce Mairamou, mahaifiyarku. Ina rubuta wannan da hannuna a ɗakinmu na unguwar Awendjé a nan Libreville, hankalina ɗaya, ba wanda ya sa ni. Likita ya gaya mini abin da ya gani a cikina, ni ma jikina ya riga shi gaya mini. Ku yi haƙuri da rubutun, karatuna bai yi nisa ba.

Zuwa gare ku ku uku: babbanku da ke Garoua, da Bouba da ke nan garin a unguwar Sotega, da Bilkissou da aure ya kai Douala.

Na ɗaya. Ba na bin kowa, ba mai bi na. Shagon atamfa na kasuwar Mont-Bouët da kayan ɗaki, Malam Adamou limaminmu ya raba muku yadda shari'a ta ce. Kada a ɗaga murya a gabansa.

Na biyu. Wayata, ina roƙon ku mazan ku bar wa Bilkissou. Ita ta saya, kuma ita ta ɗora mini aikin da ke ciki.

Kun san mafarin abin, amma ba ku san yadda ya kasance a wajena ba. Da mahaifinku ya rasu na shiga takaba, 'yan gaisuwa suka watse, gidan ya yi shiru har ina jin ɗigar famfo. Sai Bilkissou ta ce kullum in ɗauki hoto ɗaya in tura muku, kuma kada in ɗauki abu guda sau biyu. Na yi don kada ta damu. Na ɗauki butar shayinsa, na ɗauki taga, na ɗauki ƙadangare a bango. Rabin hotunan farko yatsana ne ya rufe su. Kafin in fita takaba kayan gidan sun ƙare, ba abin da ya rage ban ɗauka ba. Dole na buɗe ƙofa.

Shekara talatin da wani abu ina garin nan, kaina a sunkuye. Daga gida sai kasuwa, daga kasuwa sai gida. Kullum muna cewa baɗi za mu koma Garoua, shi ya sa ban taɓa kallon komai da kyau ba. Neman hoton rana ɗaya ne ya sa na ɗaga kai. Na ga yadda ruwan sama yake wanke jar ƙasar layinmu ya kai ta kwata. Na ga tsohon da ke gyaran laima a bakin masallaci. Wata Lahadi na rasa abin ɗauka, na shiga taksi ni kaɗai har bakin teku, na zauna. Mahaifinku ya sha cewa zai kai ni, ciniki bai bar shi ba. Na yi kuka a wurin, sannan na ɗauki ruwan na turo muku.

Na uku. Keken ɗinkina a ba Sarah, maƙwabciyata mai sayar da ƙullin rogo a ganye. Wasiyya ce, bai kai sulusi ba. Shekaru muna katanga ɗaya, gaisuwa kawai ke haɗa mu, ita da cocinta, ni da sallata. Ranar da na roƙe ta in ɗauki hannuwanta tana ɗaure ganye, dariya ta yi, ta ce sai dai in zauna in koya tukuna. Yanzu ita ke raka ni asibiti, ita ke riƙe mini jaka. Idan an zo zaman makoki ku ba ta wuri cikin mata, kada a bar ta a tsaye a waje.

Na huɗu. Wannan ba rabon kaya ba ne, magana ce. Hoton nan ya fitar da ni daga ɗaki, amma ya rage mini jin muryarku. Kuna ganin ya shigo, sai ku danna alamar zuciya, ku ce Inna lafiya take. Sau da yawa nakan tura, in ajiye wayar a cinyata ina jira ta yi ƙara. Ban faɗa don ku ji ciwo ba. Na faɗa ne don kada ku yi wa junanku haka bayana. Ku riƙa kira.

Na biyar, kuma ita ce ta sa na ɗauki biro.

Babbansu, ban taɓa kiran sunanka ba, kunyar ɗan fari ta hana. Yau zan rubuta, tunda rubutu ba faɗa da baki ba ne: Ahmadou. Ka gina mini ɗaki a Garoua, ka ce in dawo gida in yi jinya cikin dangi. Na ƙi. Ka ɗauka Bouba ne ya riƙe ni, ka zarge shi da barina ni kaɗai a ƙasar mutane, shi kuma ya mayar maka da maganar da ba ta dace da ƙani ba. Tun daga ranar ba ku gaisa ba. Na sani, ko da kuna ɓoye mini.

Bouba bai riƙe ni ba. Ni ce na duba hotunan nan daga farko har ƙarshe, na ga ashe ina da gari. Wanda na zo dominsa yana kwance a ƙasar nan. Layin da na sani, mutanen da za su lura idan ban buɗe taga da safe ba, duk nan suke. Ɗakin da ka gina ba a banza ba ne, ɗana, Allah ya gani, ni ma na gani. Ka sa 'yarka a ciki.

Saboda haka idan na cika, a binne ni a Libreville, kusa da mahaifinku in an samu wuri. Kada a sa ni a jirgi, kada a ajiye ni a sanyi ana jiran kowa. Bouba, kai za ka tsaya a kaina, kuma kai za ka fara kiran yayanka, da bakinka, ba saƙo ba. Ka ba shi haƙuri tun kafin ka gaya masa na cika.

Na ƙarshe. Kada wani ya ɗauki hoton kabarina ya tura a waya. Na hana. Ahmadou, in kana son ganin inda nake, sai ka zo, kuma ba mai nuna maka wurin sai ƙaninka. Bouba, ka je ka tarbe shi da kanka, ka karɓi jakarsa. Ku ɗauko Bilkissou ku zo tare, ku tsaya kafaɗa da kafaɗa ku yi mana addu'a, ni da mahaifinku.

Na yafe muku duka, ku ma ku yafe mini. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku 'ya'ya masu jin ƙanku, ya sa kada ɗayanku ya tsufa shi kaɗai alhali 'yan'uwansa suna raye. Ku riƙe juna.

Mahaifiyarku,
Mairamou