Kofin Ummi Yana Kabad ɗin Shugaba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara duka. Allah ya raba ka da ciwon bayan nan da ka ce yana damunka in ka daɗe a tsaye wurin aiki, ya sa albarka a abin da kake nema. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Inna ta samu sauƙin ƙafa, har tana takawa bakin ƙofa ta zauna ta sa wa masu wucewa ido, wanda ka san shi ne maganinta na gaskiya. Maigidana yana nan yana fama da motarsa, ita ma tana fama da shi. Autanmu ya yi ƙiba, shi yana cewa kwanciyar hankali ce, mu muna cewa girkin matarsa ne. Ni kuwa ina kan keken ɗinki kamar kullum, ido ne dai ya fara neman tabarau in zan zura zare a allura.

Na zaɓi in rubuto maka ne saboda a waya kullum kana kan hanya, ko kuma layi ya yanke tun ban kai rabin magana ba. Maganar ta Ummi ce. Ka riga ka ji cewa ita ta zo ta ɗaya a 'yan ajin ƙarshe, har ka yi mata barka. Abin da ba a gaya maka ba shi ne, har yau 'yarka ba ta karɓi kofinta ba. Yana can kulle a ofishin shugabar makaranta, kuma babu mai iya fito da shi sai kai. Bari in bi maka abin daki-daki, don na san ba ka san tsarin makarantar ba, tunda lokacin da ka tafi ko firamare yarinyar ba ta gama ba.

Makarantar ba wata babba ba ce, kuma in ka ga ginin ba za ka ce komai ba. Amma unguwa ta ɗauke ta tata. Kafinta na bayan layinmu shi ke gyara musu tebura in sun karye, mata su ke haɗuwa su wanke azuzuwa kafin a dawo daga hutu, ɗalibai kuma duk ranar Asabar da safe suna fita su share harabar asibiti, su yashe kwata, manyansu su zauna da ƙananan yaran unguwa suna koya musu karatu. Shugabar wata gajeruwar mace ce mai magana ƙasa-ƙasa, in ta ce a'a ba ta ƙara ko kalma ɗaya a kai. Maganarta kullum ita ce babu yaron da ke kai kansa ko'ina shi kaɗai, akwai wanda ya tsaya masa. Shi ya sa tun da aka kafa makarantar, babban kofi na shekara ba malami ke ba da shi ba, ba kuma babban baƙo ba. Ɗalibin da ya ci shi ne zai tsaya gaban jama'a ya kira mutum ɗaya, wannan mutumin ya hau ya miƙa masa da hannunsa. Bara wani yaro kakarsa ya kira, sai da aka rirriƙe ta kafin ta hau. Akwai shekarar da wata yarinya ta kira direban bas ɗin da ke jiranta da safe in ta makara. In faɗa maka gaskiya, rabin masu zuwa taron ba jawabi ke kawo su ba, so suke su ji wa za a kira.

Ba zan ɓoye maka ba, na sa rai. Ba ni kaɗai ba ma, tun ana saura sati ɗaya a yi taron maƙwabta suka fara yi mini barka a hanya, ni kuma ina cewa su bari, alhali na riga na ture ɗinkin mutane gefe na yanka wa kaina sabon yadi. Tun rasuwar mahaifiyarta a ɗakina take kwana, ni ke tashinta, ni ke zuwa taron iyaye, ni malamai suka sani. Har tambaya na yi ko matakalar dandalin tana da tsayi, saboda takalmin da na saya. Ranar taron kuwa a bakin layi na zauna, don kada in tattake wa mutane ƙafa in zan fita.

Zauren ya cika maƙil. Kujerun makarantar ba sa isa, saboda haka kowane gida ke kawo nasa, sai ka ga ta roba kusa da ta katako kusa da benci. Fanka ɗaya ce ke aiki, ita ma a kan manyan baƙi. Aka ba da kyautar lissafi, da ta kimiyya, da ta gudu, da ta ajin da ya fi tsafta, shugaba ta ambaci tsofaffin ɗaliban da suka samu shiga jami'a, aka yi ta tafi har hannu ya gaji. Sannan aka kira Ummi. Ta hau a natse, ta gyara tsayuwa, ta gode wa malamanta, sai ta juyo kaina. Ta ce Goggonta ta yi mata kaza, ta yi mata kaza, har da abin da ni kaina na manta. Tun tana cikin wannan yabon jikina ya ba ni cewa ba ni ba ce, don wanda za a kira ba a yi masa doguwar godiya, kiransa kawai ake yi. Da ta gama sai ta ce tana roƙon Babanta ya zo ya miƙa mata.

Ka san halin Autanmu. Yana jin an ce Baba ya miƙe, ya gyara hula, ya kama hanya yana ɗaga wa mutane hannu. Kuma ban ga laifinsa ba, don a wurinmu ƙanen uba ai uba ne, duk inda ake nemanka tun da ka tafi shi ke tsayawa, babu wanda ya taɓa cewa ya kawo shaida. Jama'a ma tafi suka soma. Ya sa ƙafa a matakala ke nan shugaba ta ɗaga hannu, ta tambayi Ummi a hankali ko wannan ne wanda take nufi. Ummi ta sunkuyar da kai, ta ce Baba Ƙarami ubanta ne kuma tana girmama shi, amma wanda ya haife ta take nufi. Wani daga baya ya ce a kira ka a waya mana, a ɗaga ta sama kowa ya ji muryarka. Shugaba ta ce waya ba ta da hannu. Ta ɗauki kofin ta ba wata malama, ta ce a kai ofis a ajiye sai mai miƙawa ya zo, ta sa aka yi wa Ummi tafi, aka ci gaba da taro. Auta ya dawo ya zauna kusa da ni yana fifita da hula, yana cewa shi dama ƙafarsa ce ta yi tsami ya tashi miƙewa.

A gida ban tambaye ta komai ba. Na cire sabbin kayana na ninke, ita ta shiga wanke-wanke. Sai bayan kwana biyu, tana taya ni sa maɓalli a rigunan mutane, ta kawo zancen da kanta. Ta ce in yi haƙuri, ba raini ba ne. Ta ce abin da na yi mata duk unguwa ta gani, ba ya buƙatar kofi. Amma ita tana so ko sau ɗaya ne ka gan ta tsaye a wani wuri da idonka. Ta ce muryarka ta san ta sarai, sai dai ba ta san ko ta kai kafaɗarka a tsayi ba yanzu. Na ce na ji, ta miƙo mini almakashi.

Duk da haka na je wurin shugaba ni kaɗai, na ce mata uban yarinyar nan yana nesa, zuwansa ba yau ba ne, ta taimaka ta ba ni kofin in kai gida. Ta ba ni kujera, ta saurare ni har na gama, sannan ta ce ɗalibi yana da ikon sauya sunan da ya kira duk ranar da ya ga dama, amma shi kaɗai ke da wannan ikon, ba ita ba, ba ni ba. Ta tashi ta buɗe kabad don in ga yana nan lafiya. Ga shi nan yana sheƙi, da sunan Ummi a jiki. A gefensa akwai wani irinsa sak, sai dai ya dushe ya yi baƙi-baƙi. Na tambaya na wane ne, ta ce na Mai Famfo ne, mutumin nan da ke gyara mana famfo, ba za ka san shi ba, magidanci ne yanzu har da 'ya'ya a firamare. Ta ce shi ma a shekararsa mahaifinsa ya kira, mahaifin yana can wurin nema, kullum yana aiko da cewa sai baɗi, har rai ya yi halinsa a can. Ta ce ta sha yi masa tayin ya kira wani, ko mahaifiyarsa ce, yana cewa a bar shi a nan. Duk shekara yana zuwa taron, shi ke taya jera kujeru.

Makon jiya famfonmu ya soma ɗiga, aka kira shi. Ba ni na kawo masa zancen ba, shi ne yana tsugune yana ɗaure ƙarfe ya sa aka kira masa Ummi. Ya ce mata shi ya riga ta shiga wannan layin, kuma babu wani daɗi a cikinsa. Ya ce ta koma ta kira Goggonta ta karɓi abinta tun yana sheƙi. Ta saurare shi da ladabi, ta kawo masa ruwa ya wanke hannu, ta ce ta ji ta kuma gode, amma ba za ta sauya ba.

To Yaya, ka ji yadda ake ciki. Ban ce ka zo ba, don na san hanya da nisa, na san hutun wurin aikinku ba a hannunka yake ba, ga kuma iyali a can. Labari kawai nake ba ka, kada wata rana ka ce an ɓoye maka. Shugaba ta ce ba sai an jira taron baɗi ba, ko wace ranar makaranta ka zo da safe, za ta tara yara a fili ka miƙa, abin ba zai ɗauki lokacin shan ruwa ba. Ummi kuma da sakamakon jarrabawa ya fito za ta tafi jami'a, in Allah ya yarda. Na ji zafi da ba ni ta kira ba, wannan gaskiya ne, kuma ya wuce. Abin da ya rage mini tsoro ne, don na ga ɗaya kofin da idona, na kuma ga mai shi.

Ka gaishe mini da Anti da kyau, ka ce mata yadin da ta aiko ya iso kuma ya yi. Ka shafa mini kan yara. Inna tana gaishe ka, ta ce ka riƙa shafa man zafi a bayan nan kada ka raina shi. Maigidana yana gaisuwa, Auta da matarsa suna gaisuwa, ya ce in gaya maka shi ya yi murabus daga wakilci. Da zan rufe takardar na tambayi Ummi ko tana da saƙon da zan sa maka. Ta ce a gaishe ka, saƙonta kuma ta riga ta faɗe shi a gaban jama'a.

Allah ya sada mu da alheri.

Taka ƙanwa,
Goggon Ummi