Wushiryarki ta dawo, Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗiya ga uwarta, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Shekara shida ke nan rabona da muryarki, amma yau ina da labari, kuma ke ya kamata ki fara ji.

Kin san ba ki bar mini gona ba, ba ki bar mini zinari ba. Wushirya kika bar mini. Cikinmu mu biyar ni kaɗai na ɗauko ta, kuma kin sha yi wa sauran gori da hakan. Ina tuna ki a tsakar gidanmu na Argungu, kin guntsi ruwa kina tsarto shi ta tsakanin haƙora, mu kuwa muna ta birgima don dariya. Kina cewa, "Wushiryag gaskiya, ƙwaras shinkahwa guda ɗai ka wuce ta." Bayan rasuwarki, in kewarki ta ishe ni, madubi nakan nufa in yi murmushi.

Bara waccan, ina kan babur ɗin kabu-kabu a hanyar Ambursa, akuya ta gitta mana. Na tashi da raina, alhamdu lillahi, amma haƙorana biyu na gaba a titi na bar su. Inna, da giɓi da wushirya duk fili ne a baki, amma wallahi ba dangin juna ba ne. Mutane suna ta ce mini Allah Ya tsare gaba. Ni kuwa ji nake kamar an sake yi mini rasuwarki, ga kunyar in faɗa ta hana ni.

Aka yi mini haƙoran roba, masu cirewa da mayarwa. Farare, manne da juna, ko zare ba ya ratsa su. In ina koyar da ɗalibaina a makarantar unguwar Nassarawa sai haƙoran su riƙa rawa, in dafe su da harshe. Na dubi madubi na ga wata mata mai kyawun haƙora da ban san ɗiyar wa ce ba.

Sai aka ba ni labarin dashen haƙori, na tafi har Abuja. Inna, da kina nan da kin riƙe haɓa. Allura suka yi mini bakin ya mutu, suka huda ƙashin da ke ƙarƙashin dasashi, suka murɗa wasu 'yan ƙusoshi biyu a ciki, suka rufe. Likitan ya ce in koma gida in jira wata huɗu, sauran aikin ba nasa ba ne. Wai ƙashin da kansa zai tsiro ya rungume ƙarfen har su zama abu guda.

Kuma haka aka yi. Ina girki, ina salla, ina faɗa da yara, ashe can ciki ƙashina yana ta gini shiru, ba wanda ya koya masa. Ranar da aka nuna mini hoton ƙashin na kasa cewa komai sai tasbihi. Ni da nake zaton jikina ya gama girma tun ina budurwa.

Da aka zo gwada haƙoran da za a ɗora, na ce a bar mini fili a tsakani. Likitan ya ajiye abin hannunsa ya dube ni, ya ce shi kullum roƙonsa ake ya toshe, yau ga mai son ya buɗe. Na riga na tambayi malaminmu na islamiyya, ya ce mayar da abin da Allah Ya halitta ba sauya halitta ba ne, don haka ban ja da baya ba. Likitan ya tambaye ni faɗin nawa. Na kwance bakin gyalena na ɗauko ƙwayar shinkafa guda, 'yar fadamar garinmu, na ajiye masa a kan farantin kayan aikinsa. Bai yi dariya ba, Allah Ya saka masa. Ya sa ɗan ma'auninsa ya auna ta, ya rubuta.

Jumma'ar da ta wuce na je Argungu gaida yayarki, Inna Kulu. Ta tsufa ƙwarai, idon ma sai a hankali. Na durƙusa gabanta, ta ja ni da tsiyar nan tata, wai birni ya cinye ni, na kuwa kwashe da dariya har da kai baya. Ta kamo fuskata da hannu biyu ta matso da ita kusa, ta daɗe tana kallo. Can ta ce, "Hajo, ke ta? Ina kit tahi haka kid daɗe?"

Ban gyara mata ba, Inna. Na ce mata na dawo.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya yafe miki kurakuranki. Allah Ya tashe ki da fuskarki yadda muka san ta, Ya haɗa mu a Aljanna in gane ki tun daga nesa. Amin.

Ɗiyarki mai kama da ke,
Asabe
Birnin Kebbi