Ranar da Aka Zo Mini Gaisuwar Hudaifa

Lahadi, 21 ga Safar 1446

Bismillah. Gara in rubuta.

Da hantsi ina share ƙofar ɗaki sai ga Safara'u maƙwabciyata ta hawo bene da mata biyu, ɗaya riƙe da butar gahawa, ɗaya da kwalin dabino. Ba wadda ta kalli idona. Duk wanda ya zauna a unguwarmu ta Ka'akiyya, nan garin Harami, ya san abin da gahawa da dabino da sunkuyar da kai suke nufi. Safara'u ta riƙe hannuna ta ce, "Yaya Zubaida, sai haƙuri. Allah da ya ba ki shi ya fi ki son sa."

Na ce wa?

Ta miƙo mini jawwal, wayarta ta hannu. Hoton Hudaifa ne, ɗana, daga ƙirji zuwa sama, baƙi da fari. A ƙasa shekaru biyu da ɗan layi a tsakani. Ƙarƙashinsa mutane ɗari da ɗoriya sun jera fuskokin kuka. 'Yarta ce ta gani da safe.

Na yi innalillahi. Na shimfiɗa musu tabarma, har na ɗauko kofuna. Ban yi kuka ba. Abu ɗaya ne ya yi ta juya mini a kai: maganar ƙarshe da na faɗa masa.

Da ƙyar na kira 'yata Manal a Jidda. Na ce yayanki ya rasu. Ta yi ƙara, sannan ta ce in karanto mata shekarun. Na karanta: 2013, 2024.

"Umma! A 2013 kika haife shi? Ƙwallo ya daina! Jiya ya buga na ƙarshe, da bakinsa ya gaya mini!"

Safara'u ta ce, "To su kuma wane irin mutane ne, mutum da ransa a cire masa kala?" Matan suka yi dariya har da hawaye. Muka sha gahawar tunda an riga an dafa. Suka tafi.

Bayan fitarsu ne na yi kukan.

Litinin, 22 ga Safar

Bari in rubuta maganar, tunda ba mai gani sai ni.

Yana ɗan shekara sha huɗu baffansa Hamad ya tafi da shi birnin Malbon, can ƙasar Turawa, bayan rasuwar mahaifinsu, lokacin da iƙamarmu, takardar zaman ƙasa, ta rikice. Can ya koyi wannan ƙwallon nasu, mai tsawo kamar ƙwai, a kama da hannu a buga da ƙafa. Ƙaramar ƙungiya ce ta unguwa, da rana kuma yana aikin wayar lantarki. Duk mako yakan turo mini wasan. Sau ɗaya na buɗe, na ga samari da wando ko rabin cinya bai kai ba, na rufe.

Shekara huɗu ke nan ya kira ya ce, "Umma, mun kai wasan ƙarshe na cin kofi. Ki kalla ko minti biyar ne." Na ce ba zan kalli ɗana da al'aura a buɗe gaban jama'a ba. Da a nan na tsaya, da da sauƙi. Sai na ƙara da cewa, in mutuwa ta riske ka cikin wannan wandon, me za ka ce wa Ubangijinka?

Ya ce, "To, Umma."

Tun ranar ban ji muryarsa ba. Barka da salla ta bakin Manal take zuwa. Ni ma ta bakinta nake amsawa. Ina jira ya kira, shi ne yaro. Jiya na yi kusan sa'a guda ina zaton jiran ya ƙare a haka.

Laraba, 24 ga Safar

'Yan hadda uku ne kawai suka zo yau. Na ji kaina ina gyara wa Jannat madda sau biyar, alhali daidai take ja.

Alhamis, 25 ga Safar

Manal ta kwatanta mini ta waya inda ake dannawa rubutunsu ya koma Larabci. Na ce mata don in tabbatar ba zagin sa suke ba.

Bayan la'asar na zauna na karanta. Larabcin a karkace yake fitowa, amma ana ganewa.

Wani ya ce shekara goma sha ɗaya yana tsayawa a bayan sandunan gola cikin ruwan sama don ya ga Hudi ya yi tsalle. Hudi suke ce masa. Wani daga ƙungiyar hamayya ya ce, "Mun tsani haɗuwa da kai, Allah ya raka taki gona." A'a, wannan ni na ƙara, shi cewa ya yi sun huta. Wata ta ce ɗanta ba ya magana da kowa, amma Hudi ya sa shi riƙe tutar ƙungiya, yanzu har surutu yake.

Sai wani mai hoton kare ya ce tun shekara biyu ya kamata ya tafi, gwiwar ta mutu, ya zama kaya a kan 'yan'uwansa. Na ji zafi ya taso mini har kunne. Wa ya tambaye ka? Na yi istigfari.

Ban san gwiwarsa na ciwo ba.

Asabar, 27 ga Safar

Akwai wata tsohuwa, Morin. Ita ke wanke rigunan ƙungiyar shekara talatin. Rubutunta ya fi na kowa tsawo. Ta ce in azumi ya faɗo cikin kakar wasa, yakan buga bai sha ko ɗigon ruwa ba, ita kuma ta tsaya a ƙofar ɗakin canja kaya da miya a mazubi tana duba agogo. Ta ce ta koyi sayen dabino saboda shi. Ta rufe da cewa, "Yarona."

Na karanta kalmar sau da yawa. Na ce ko injin ne ya yi kuskuren tarjama. Manal ta ce a'a, haka ta rubuta.

Allah ya saka mata. Da gaske nake. Amma na kasa cin abincin rana.

Litinin, 29 ga Safar

Na je Harami sallar azahar, na bi ta unguwar Misfala a ƙafa don motar ta tsaya nesa. Bayan sallama aka kira sallar gawa kamar kullum. Makara huɗu suka wuce a kafaɗun maza, da sauri.

Da na dawo na buɗe bidiyon da ke ƙarƙashin hoton, wanda na yi kwana takwas ina tsallakewa. Na naɗe gefen mayafina na rufe rabin gilashin na ƙasa, don kada idona ya faɗa inda bai kamata ba.

Ashe al'adarsu ce. Wanda zai bar wasa, 'yan'uwansa biyu su ɗora shi a kafaɗa, ƙungiyoyin biyu su yi sahu hagu da dama suna tafi, a bi da shi ta tsakiya har a fita fili. Ni a rayuwata ban taɓa ganin an ɗauki babban mutum a kafaɗa ba sai wanda za a kai makwanci. Ga nawa a sama, a zaune, yana dariya yana share ido da bayan hannu. Ya yi gemu. Akwai furfura biyu-uku a ciki, ko hasken ne.

Duk wanda ya san shi yana wurin.

Na maimaita sau shida. Mayafin bai gusa ba, na kiyaye.

Talata, 30 ga Safar

Safara'u ta leƙo aron tafarnuwa. "Yaya Zubaida, ya mamacinmu? Ya kira?" Na ce yana da aiki. Ta ce, "Ke kuma yatsunki azumi suke?" Na ba ta tafarnuwar.

Ban canja ra'ayi ba. Daga cibiya zuwa gwiwa al'aura ce, haka na karanta, haka nake karantarwa. Sai dai babin yanke zumunci ma ni nake karantar da shi.

Alhamis, 2 ga Rabi'ul Awwal

Ban san yadda zan rubuta wannan ba.

Na gangara can ƙasan rubuce-rubucen, inda ban kai ba a da. Wani abokin wasansa ya ce abin da ba zai manta ba shi ne baƙin dogon wandon. Ya ce shekara huɗu da suka wuce, ranar wasan ƙarshe na cin kofi, Hudi ya fito da wani baƙin wando a ƙarƙashin gajeren, har ƙasan gwiwa. Sai da ya je ya nemi izinin masu gasar. Suka yi ta tsokanar sa, suna ce masa ya ari safar kakarsa. Magoya bayan hamayya suna yi masa fito. Bai cire ba, ko sau ɗaya, har ranar Asabar ɗin da ya yi bankwana. In an tambaye shi sai ya ce, "Uwata na iya kallo."

Mutum tara sun amsa a ƙasa. Ɗaya ya ce yanzu yaran ƙungiyar ma sawa suke, wai gayu ne. Morin ta ce ita ke wanke shi daban don kada ya koɗe. Sannan ta ce, "Ina fata maman ta ga wasan Asabar."

Na koma bidiyon. Na ajiye mayafin a gefe.

Yana nan. Baƙi, har ƙasan gwiwa. Ya kama jiki, gaskiya, da ni ce da na zaɓi mai faɗi. Amma ya rufe.

Na kira Manal na ce me ya sa ba ki gaya mini ba? Ta ce, "Wallahi Umma sau uku ina farawa. Kika ce kar a ƙara kawo miki zancen ƙwallo a gidan nan." Na ce haka na ce? Ta ce, "Har da halas, wato magana ta ƙare."

Shekara huɗu. Kallo ɗaya ya isa.

Juma'a, 3 ga Rabi'ul Awwal

Na rubuta saƙo na goge. Na rubuta na goge. Uwa ba ta ba ɗa haƙuri, haka muka taso. Ban dai ga inda aka rubuta hakan ba.

Asabar, 4 ga Rabi'ul Awwal

Ba kiran sa na yi niyya ba. Lambar nake dubawa ko tana nan, yatsana ya taɓa. Hantsi ne a nan, can yamma ta yi.

Bugu biyu ya ɗauka. "Umma? Lafiya? Wani abu ya faru?"

Duk abin da na shirya ya gudu. Na ji bakina yana cewa, "Wai me ya sa in ƙwallon ya bi tsakanin dogayen sandunan maki shida ne, in ya bi gefe maki ɗaya tak?"

 Sai na ji yana jan hanci. Ya ce, "Umma, wa ya gaya miki shida ne?"

Na ce ina da ido.

Ya yi ta bayani, Hausarsa duk ta kakkarye, yana cikawa da Larabci. Rabi ban gane ba. Na ce ya riƙa shafa man habbatussauda a gwiwar, da ɗumi. Na ce ya gaishe da Morin, ya ce mata na gode da miyar. Ɗayar maganar ba mu taɓa ta ba. Shinkafata ta kama.

Ya ce yana da wasan shekara huɗun nan a ajiye, wanda suka ci kofi, sa'a biyu ne, ko ya turo? Na ce ina da 'yan hadda, ban cika samun lokaci ba.

Ya turo.

Ban ce zan kalla ba. Na dai gaya wa yaran gobe babu karatu, na sa jawwal a caji.